Jirgin da Baba ke ƙerawa a barandarmu

Yau labarin gidanmu zan ba ku. Na daɗe ina juya shi a raina, ina jin nauyin fitar da shi, domin a cikinsa akwai inda ni mai ba ku shawara duk mako na tafka kuskure.

Mahaifina tsohon soja ne, makaniken motocin yaƙi, ya yi ritaya da muƙamin samanja, har yau ma Samanja maƙwabta ke ce masa. Bara, wata safiya bayan sallar asuba, Umma ta miƙa masa kofin shayi sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ta duba ta ga bakinsa ya karkace, maganarsa kuma ta sarƙe. Allah Ya sa ba ta tsaya shafa masa mai ko jiran gari ya waye sosai ba, aka garzaya da shi asibiti. Mai karatu, ka riƙe alamun nan uku, fuska da hannu da harshe. Duk ranar da ka gan su a jikin wani, asibiti za ka nufa a lokacin. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Da aka sallame shi muka ɗauko su shi da Umma daga Zariya zuwa gidana a Kubwa, don ya fi kusa da masu gashin ƙashi, ni ma idona ya zauna a kansa.

Na yi abin da na iya. Na sayi akwatin ƙwayoyi mai gida bakwai, na manna takarda a jikin firji ina rubuta awon jininsa safe da yamma, na rage gishirin miya har yarana suka fara ƙorafi. Cikin makonni kaɗan hawan jinin ya sauka, lambobin da ke kan takardata suka yi kyau. Mutumin ne bai yi kyau ba. Baba da ba ya rabuwa da rediyo ya kashe ta ya tura ƙarƙashin gado. Sai ya wuni a kujera yana kallon bango. Mai gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce kuma a zuba masa wake a faranti ya riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya da hannun da ya yi rauni. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ni da na kwance injin mota mai sulke na mayar, yau ni za a ba wake in tsinta?" Ya ture farantin. A karatu na san cewa kusan mutum ɗaya cikin uku da suka tsira daga wannan ciwo damuwa mai tsanani kan kama su, na kuma gaya wa likitansa. Amma sanin abu a littafi daban, ganin mahaifinka yana narkewa a falonka daban.

Ana cikin haka aka ba ɗana na fari, ɗan shekara goma, aikin makaranta: kowane yaro ya haɗo wani abu daga tarkacen da ake zubarwa. Ya samo kwalin taliya da marafan kwalba ya baje a baranda, wai tankar yaƙi zai yi irin ta wasan da yake bugawa a wayar babansa. Ina kicin na ji muryar da na yi wata biyu ban ji ta da ƙarfi haka ba. "Kai abokina, wa ya ce maka haka ake ɗora bindiga? Wannan ai harbi ɗaya za ta yi ta kife." Yaron ya ce, "To Kaka, in ka iya zo ka yi mana." Kun dai san tsakanin jika da kaka. Baba ya ce a jawo masa kujera.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wannan aiki ko da bai san yana da suna a wata ƙasa ba. Da kaka ta yi, an yanke dawa, yara maza sun samu jari: a ɓare kara, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a soke ta da tsinken ɓawon, sai ga motar kara da ƙofofinta da madubinta. Masu ƙarfin hali su koma gwangwanin madara da langa-langa da waya, a yanko taya daga tsohon silifas, a ɗaura doguwar sanda a matsayin sitiyari ana turawa lungu-lungu. Baba ya ce shi daga motar kara ya fara a Zariya, kuma ita ta kai shi garejin soja. A Abuja kuwa ina karan yake? Yaranmu daga mota sai aji, daga aji sai falo da waya. Ɗana bai taɓa riƙe totuwa ba sai da wani ɗan uwa ya taho mana da damin kara daga gida, maigadin unguwarmu yana ta mamakin me za mu yi da shi.

Baba bai yarda a yi abin da ka ba. Ya ce in za a yi, a yi wadda ta taɓa taka ƙasa, ya zaɓi Saladin, mota mai sulke mai taya shida ƙirar kamfanin Alvis na Ingila, irin wadda sojan Najeriya suka yi aiki da ita tun zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, shi ma ya tarar da ita a bariki ya sha kwanciya a ƙarƙashinta. Tsawonta ya kusa mita biyar. Ya ce wa yaron ya raba komai gida 35, wato duk santimita 35 na jikin motar gaske ya zama santimita ɗaya a tasu. Yaron ya yi ta lissafi a bayan kalanda har ya gano tasu za ta tashi kimanin santimita 14. Wannan yaro fa da sai an yi rigima yake zama kan lissafin rabawa.

Daga baya na bincika na ga ashe wannan awo na ɗaya cikin 35 shi ne masu sha'awar abin a duniya suka fi amfani da shi wajen motocin soja, kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi. A Ingila kamfanin Airfix ya fitar da ƙaramin jirgin ruwa na roba a shekarun 1950, kwaikwayon Golden Hind, jirgin da Francis Drake ya zagaya duniya da shi daga 1577 zuwa 1580; ana sayensa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya zauna ya haɗa da gam ya yi fenti. A can manya masu furfura ne suka fi yin wannan, har da ƙungiyoyi da gasa. Ni dai ban taɓa cin karo da irin kwalayen nan a Kasuwar Wuse ba, yin odarsu daga waje kuma a wannan farashin dala sai wane da wane. Ba mu ma buƙace su ba. Kwali da kara da guntayen katako da maigidana ya roƙo a wajen masu katako na Dei-Dei sun ishe mu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin binciken shi ne labarin fursunonin yaƙi 'yan Faransa da aka tsare a Ingila zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, sama da shekara 200 da suka wuce. Mutane ne a kulle, ba aiki, ba ranar fita. Sai suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, suna gogewa suna sassaƙa ƙananan jiragen ruwa da igiyoyinsu da komai, wasu har yau suna gidajen tarihi. Haka kuma fannin nan na farfaɗo da majinyaci ta hanyar aikin hannu ya yi ƙarfi ne lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka riƙa ba sojojin da suka ji rauni saƙa da sassaƙa a gadon asibiti. Da na karanta sai na ɗaga kai na dubi baranda. Ga Baba ya danne kwali da hannun hagu yana yanka da na dama. Ga shi yana ɗaukar ƙananan tayoyi da babban yatsa da manuni, su faɗi, ya sake ɗauka. Motsin da ya ƙi yi sau goma a farantin wake, ga shi yana yin sa sau ɗari ba wanda ya roƙe shi. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni kuwa da maimaici take koyon sabuwar hanya.

Kada wani ya ɗauka na ce kwali da gam sun warkar da shanyewar jiki. Mafi yawan sauƙin da ake samu a wannan ciwo a watannin farko yake zuwa, Baba kuma bai fasa shan maganinsa ba, bai fasa zuwa gashi ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne mutumin da ke ture abinci ya koma tambayar ko an sauke, don yana so ya ci ya koma bakin aiki kafin abokinsa ya dawo daga makaranta.

Na so in yi ƙorafi a kan wani abu guda. Raina bai kwanta da a ce ɗana motar kisa yake ƙerawa ba, a ƙasar da kullum labarin bindiga muke ji. Kafin in furta sai na ji Baba yana nuna masa cikin motar. "Mutum uku ke shiga nan, direba da mai harbi da kwamanda. Zafin ciki kamar tanda. Kuma kowannensu yana da uwa tana jiransa." Daga nan ya shiga ba shi labarin Laberiya, yadda suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya da rundunar ECOMOG a ƙarshen watan Agusta na 1990, yadda shi ɗan Zariya da bai taɓa hawa teku ba ya yi ta amai a jirgi, da abokinsa da suka tafi tare bai dawo ba. Ina jaririya lokacin. Shekara talatin da wani abu ina 'yarsa, ban taɓa jin wannan labari ba sai a bayan labulen kicin, ana ba ɗana. Wasan waya bai taɓa gaya wa yaron nan cewa akwai mutane a cikin tankar da yake fasawa ba. Na haɗiye ƙorafina.

Yanzu ga inda na yi kuskure. Baba yana ɗiga maganin hawan jinin ido safe da dare. Don ƙananan sassa kuma sun sayo sufa-gulu, irin mai 'yar kwalbar roba mai tsinin baki. Wata ranar Asabar da magariba, wuta ta ɗauke, Baba ya laluba kan tire ya ɗauki kwalba ya cire marfi ya ɗaga kai sama. Yaron ne ya ƙwalla ihu, "Kaka, gam ne!" Ya kaɓe hannunsa. Ɗigon ya sauka a kan rigarsa.

Jikina ya yi ta rawa. Ni da nake gargaɗin mutane a kanti kada su ajiye maganin ido kusa da wani abu mai kama da shi, ga shi a gidana, a kan tire ɗaya. Maimakon in ga laifina sai na huce a kan aikin. Na kwashe komai na tura a buhu, ina faɗa, har kan motar ya ɓalle. Na ce an gama wannan wasa a gidan nan. Baba bai ce uffan ba. Washegari ya koma kujerarsa ta falo, ya fuskanci bango. Kwana huɗu haka, abinci sai ya taɓa ya bari, yaron kuma ya koma wayarsa yana harara ta ƙasa-ƙasa. A dare na huɗu Umma ta same ni a ɗaki ta ce, "Ke, kin tsare masa ido kin kashe masa zuciya. Wanne ya fi?" Da safe na ɗauko buhun na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya daɗe yana duba kan motar da ya ɓalle, sannan ya ce, "A bariki ma in ta lalace gyarawa ake yi. Kira mini abokina."

Abin da ya kamata in yi tun ranar farko shi na yi a ranar ta biyar, kuma shi nake so iyaye su ɗauka. Maganin ido ya koma ɗakin kwana, gam ya koma akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ba su ƙara kwana wuri ɗaya ba. Yawancin aikin muka mayar da shi kan farin gam irin na kafintoci, wanda ake wankewa da ruwa; yana jinkirin kamawa, amma ba ya cutarwa. Idan tsautsayi ya sa sufa-gulu ya shiga idon wani, a wanke da ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi, a rufe da jiƙaƙƙen bandeji, a tafi asibiti. Kada a ɓanɓare fatar idon da ƙarfi, kada a kawo maganin goge jan farce kusa da ido. Fatar kan rabu da kanta cikin 'yan kwanaki, ɓanɓarewar ce ke yin ɓarna. In yatsu ne suka manne, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, a riƙa murzawa a hankali. Kada kuma a goge shi da auduga, domin haɗuwarsu zafi take haifarwa har ta iya ƙona fata.

Gam mai ƙarfin wari, irin na masu faci da masu gyaran takalma, na hana shi shiga gidan gaba ɗaya. Sinadaran da ke sa shi warin nan, irin su toluwin, su ne dai ke cikin sholishon da ya lalata mana matasa da yawa. Shaƙarsa a rufaffen ɗaki na kawo ciwon kai da jiri, yana tayar da asma, yawan shaƙa kuma na taɓa ƙwaƙwalwa, yana ma iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Gidajenmu na Abuja da muke rufe tagogi mu kunna na'urar sanyi su suka fi haɗari. Shi ya sa aikin bai bar baranda ba. Fenti ma mai haɗin ruwa muke saya, irin na 'yan makaranta masu zane. Ragowar fentin mai da ba a san asalinsa ba, musamman ja da rawaya, yana iya ƙunsar dalma, yaro kuma hannunsa ba ya nisa da bakinsa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalma ba ta da ɗan kaɗan da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Wuƙa da reza a hannun babba suke, shi ma da sharaɗi. Baba yana shan asfirin don tsinka jini, saboda haka ƙaramin yanka kan daɗe yana zuba. A danne wurin da tsabtataccen ƙyalle minti goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, in bai tsaya ba a nemi asibiti. Mai yankan gwangwani kuma ya tabbata allurarsa ta tetanus ba ta wuce shekara goma ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli. Yaron ya so ya sa wa motar fitila, ni kuma ina da 'yar shekara biyu mai kai komai baki. Irin batirin nan in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. In yaro ya haɗiye shi, kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama, a kama hanyar asibiti nan take. In ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma a kan hanya, har sau shida, tana rage ƙunar kafin a ciro shi. Ƙananan maganaɗisu ma haka suke da haɗari in aka haɗiye fiye da ɗaya. Motarmu dai ba ta samu fitila ba, mai ita ya yi fushi ya gaji.

Saladin ta je makaranta ta dawo, tana kan talabijin yanzu, da tabon gyara a wuyanta. Na zaci an gama. Sai Baba ya ce saura jirgin ruwa, kuma ba na Turawa ba. Mahaifinsa, kakana, a ƙasa ya tafi aikin hajji kamar dubban Hausawan zamaninsa: ta Barno, ta Chadi, ya tsaya Sudan ya yi ƙwadago a gonakin auduga ya tara guzuri, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan ya tsallaka zuwa Jidda a jirgin katako na Larabawa da ake kira sambuk, wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi ta wani babban ƙyalle mai kusurwa uku. Baba bai taɓa ganin jirgin ba sai a bakin mahaifinsa. Yaron ya nemo hotuna a intanet, karo na farko da na ga wayar nan ta yi mana rana.

Wannan aikin ya fi na motar wuya nesa ba kusa ba. Sai an fara kafa ƙashin bayan jirgin, a jera masa haƙarƙari, sannan a bi da falankai ɗaya bayan ɗaya. Falankan kuwa ni ke kawo su: 'yan katakan nan da likita ke danne harshe da su, na sayo kwali guda da kuɗina. Ana tsaga su, a jiƙa a ruwan zafi har su yi laushi, a lanƙwasa a ɗaure su bushe. Uku sukan karye kafin ɗaya ya yarda. Umma ta ba da tsohon farin ƙyalle aka rina shi da ruwan shayi don ya yi kamar ya sha rana, zaren ɗinki kuma ana goga masa kakin zuma kafin ya zama igiya. Ɗaurin igiyoyin nan da matsefata ake yi, kuma nan ne hannun hagu ke gardama. Ranar Talata na ga Baba ya yi ƙulli ɗaya sau bakwai yana kwancewa. Na miƙa hannu zan taimaka, ya janye jirgin.

Wata na uku ke nan, gefe ɗaya ne kawai ya rufu. Jiya na ji yaron yana tambaya, "Kaka, in mun gama za mu kai shi tafkin Jabi mu gani ko zai yi iyo?" Baba ya ce, "Wa ya ce maka za mu gama? Miƙo mini zaren nan."